Wace irin lamba ce 2,147,483,647?

Wani malamin lissafi a makarantar sakandare ya aiko da tambaya cewa an shigar da lambobin wayar iyayen ɗalibansa cikin wata manhajar rajista, da aka buɗe sai aka tarar kowane uba lambarsa ta koma 2147483647. Da ya bincika, wani ya faɗa masa cewa wannan lamba sananniya ce a wajen masana lissafi, kuma ba ta rabuwa. Yana son ya san wace irin lamba ce, a wane rukuni ake saka ta, da kuma yadda aka tabbatar da cewa lamba mai girma haka babu abin da ke raba ta.

Malam, wanda ya faɗa maka haka bai yi kuskure ba. Lambar a baki ita ce biliyan biyu da miliyan ɗari da arba'in da bakwai da dubu ɗari huɗu da tamanin da uku da ɗari shida da arba'in da bakwai, kuma alƙalumanta goma ne. Amma shawarar da zan fara ba ka ita ce kada ka tsaya kallon waɗannan alƙaluma goma, domin ba a cikinsu sirrin lambar yake ba. Kusan duk abin da za a faɗa a kanta ya samo asali ne daga siffa guda: idan aka jera 2 sau 31 aka ninka su da juna, sannan aka ɗebe 1, ita ce ke fitowa. A rubuce ana cewa 2^31 − 1, kuma 2^31 ɗin shi ne 2,147,483,648.

Hanyar da na fi so in nuna wa ɗalibai wannan siffa ita ce ta asusu. A ce mutum ya jefa naira 1 cikin asusu ranar 1 ga Janairu, washegari ya jefa naira 2, rana ta uku naira 4, ta huɗu naira 8, kullum yana ninka abin da ya jefa jiya. Idan ka lura, a ƙarshen rana ta biyu akwai 3 a ciki, a ƙarshen ta uku akwai 7, a ƙarshen ta huɗu akwai 15, wato kullum abin da ya taru yana gaza zubin gobe da naira ɗaya tak. Ranar 31 ga wata zai jefa 1,073,741,824, kuma idan aka fasa asusun a daren nan abin da za a ƙirga shi ne 2,147,483,647 daidai. Wannan shi ne dalilin da ya sa idan aka rubuta lambar da tsarin ƙidayar kwamfuta, wanda bai san komai ba sai sifiri da ɗaya, take fitowa a matsayin ɗaya guda 31 a jere babu sifiri ko guda a tsakaninsu. Matsayinta a can kamar matsayin 999 ne ko 9,999 a ƙidayarmu ta goma-goma: kowane gurbi ya cika maƙil, ƙarin ɗaya kawai ake jira a buɗe sabon gurbi.

Daga nan za ka gane abin da ya sami rajistarku. Manhajoji da yawa suna ware gurbi 32 domin ajiye cikakkiyar lamba, ɗaya daga ciki na nuna ko lambar tana sama da sifiri ko tana ƙasa da shi, sauran 31 kuma na ɗaukar girmanta, saboda haka mafi girman abin da wurin zai ɗauka shi ne lambarmu. Lambar waya ta Najeriya kuwa, idan aka cire sifirin farko, alƙaluma goma ce da ke farawa da 7 ko 8 ko 9, wato ta haura biliyan bakwai. Da manhajar ta ga abin ya fi ƙarfin ma'ajinta, sai ta ajiye iyakar abin da za ta iya.

Sauƙaƙan siffofinta ba za su ɗauke mu lokaci ba. Mara ce, ba cika ba, tunda ta ƙare da 7, kuma wannan 7 ɗin ya nuna cewa 5 ba ya raba ta, sai an bar saura 2. Idan ka tara alƙalumanta za ka sami 46, saboda haka ko da 3 ko da 9 ka raba ta za a bar saura 1. Abin sha'awa shi ne wannan saura 1 yana ta maimaituwa: da 7, da 11, da 31, da 151, da 331, duk saura 1 ake bari. Dalili shi ne lambar da ta gaza ta da ɗaya, wato 2,147,483,646, tana da masu raba ta da yawa, domin ita ce 2 × 3 × 3 × 7 × 11 × 31 × 151 × 331. Maƙwabciyar ta kwashe masu rabawa, ita kuwa tamu ba ta da ko ɗaya.

Yanzu ga zuciyar tambayarka. Lambar da babu abin da ke raba ta ba tare da saura ba sai 1 da ita kanta, irin su 2, 3, 5, 7, 11, ita ce ɗalibanka ke kira firam, kuma da wannan suna zan ci gaba da kiranta. 2,147,483,647 firam ce, kuma idan aka jera firam daga 2 zuwa sama, ita ce ta 105,097,565. Wadda ke bayanta ita ce 2,147,483,629, wadda ke gabanta kuma 2,147,483,659, don haka ba ta cikin tagwayen firam, waɗanda tazarar 2 ce kawai ke tsakaninsu kamar 11 da 13. Kana iya ganin wannan da ido: idan ka ɗebe 2 za ka sami lamba mai ƙarewa da 5, idan ka ƙara 2 kuma za ka sami 2,147,483,649, wadda ita ce 3 × 715,827,883.

Ta yaya aka sani? Mataki na farko kowane ɗalibi zai iya fahimtarsa. Idan lamba ta rabu gida biyu, a ce kaza sau kaza, to ba zai yiwu duka biyun su zama manya ba, dole ɗaya ya kasance bai wuce tushen lambar ba, wato adadin da idan aka ninka shi da kansa zai ba da ita. A nan 46,340 sau 46,340 yana ba da 2,147,395,600, wanda bai kai ba, 46,341 sau 46,341 kuma yana ba da 2,147,488,281, wanda ya wuce. Saboda haka ba sai an gwada lambobi biliyan biyu ba, ya isa a gwada firam da ba su wuce 46,340 ba, kuma yawansu 4,792 ne. Ga kwamfuta wannan ƙiftawar ido ce. Ga mutum mai alƙalami da takarda, rabawa 4,792 ta lamba mai alƙaluma goma, ba tare da kuskure ko ɗaya ba, aiki ne da zai ci watanni, kuma a zamanin da aka fara wannan bincike babu ma jerin firam da ya kai can a hannun kowa da kowa.

Wanda ya warware matsalar shi ne Leonhard Euler, haifaffen Basel ta ƙasar Suwizalan, wanda ya bayyana sakamakon a wata wasiƙa ta shekarar 1772, lokacin yana zaune a Rasha kuma idanunsa sun riga sun kusa mutuwa gaba ɗaya. Abin da ya yi shi ne ya bar siffar lambar ta rage masa aiki. Tun a 1640 Pierre de Fermat na Faransa ya gano cewa idan p, wato yawan 2 da aka jera aka ninka, firam ce mara, to duk firam da za ta raba 2^p − 1 dole ta kasance ninkin 2p da ƙarin ɗaya. Gwada da 2^11 − 1, wato 2,047, wadda ita ce 23 × 89: 23 shi ne 22 da ɗaya, 89 kuma shi ne 22 sau huɗu da ɗaya. A tamu lambar p shi ne 31, don haka duk mai neman raba ta dole ya zama ninkin 62 da ƙarin ɗaya, kamar 63, 125, 187, 249, 311. Euler ya ƙara sharaɗi na biyu, cewa irin wannan mai rabawa idan aka raba shi da 8 dole ya bar saura 1 ko saura 7. Idan ka haɗa sharuɗɗan biyu za ka ga cewa siffa biyu kawai ta rage: ninkin 248 da ƙarin 1, ko ninkin 248 da ƙarin 63. A ƙarƙashin 46,340 irin waɗannan lambobi ba su kai 400 ba, kuma mafi yawansu ba firam ba ne, ba sa bukatar gwaji.

Ina so ka bi farkon jerin da hannunka, domin a nan ne ake jin daɗin hujjar. Na farko 63 ne, shi kuma 7 × 9 ne, sai a tsallake. Sai 249, wanda shi ne 3 × 83, a tsallake. Sai 311, firam ta farko da ta cancanci gwaji: idan ka raba 2,147,483,647 da 311 za ka sami 6,905,092 da saura 35, saboda haka ta faɗi. Daga nan 497, 559, 745, 807, 993, 1,055 da 1,241 duk suna da masu raba su, ba za ka sake yin wata rabawa ba sai ka isa 1,303. Ka duba yadda firam ɗari biyu da 'yan kai da ke ƙasa da 1,303 suka koma guda ɗaya tak da ake bukatar gwadawa. A ganina wannan shi ne darasin da ya fi cancanta a kai aji, fiye da sakamakon kansa, domin yana nuna wa yaro cewa tunani kafin aiki yana iya mayar da aikin watanni na kwanaki. Lambar ta riƙe kambin firam mafi girma da aka sani har zuwa 1867, kusan shekara ɗari.

A yau akwai hanya mafi gajarta, wadda Édouard Lucas ya assasa a shekarun 1870, Derrick Lehmer kuma ya kammala a wajen 1930. Ana farawa da 4, a ninka shi da kansa, a ɗebe 2, a raba da lambar da ake gwadawa a riƙe saura, sannan a maimaita da wannan saura. Idan aka yi haka sau p − 2 aka ƙare a sifiri, to 2^p − 1 firam ce, idan ba a ƙare a sifiri ba to ba firam ba ce. Gwada da 31, wadda ita ce 2^5 − 1, mai bukatar zagaye uku: daga 4 ana samun 14, daga 14 ana samun 194 wanda saurarsa 8 ce, daga 8 ana samun 62, wanda 31 ke rabawa babu saura. Ga tamu lambar zagaye 29 kawai ake bukata.

Firam masu siffar 2^p − 1 suna da sunan dangi, ana kiransu firam na Mersenne, da sunan Marin Mersenne, wani malamin addinin Kirista ɗan Faransa da ya wallafa jerinsu a 1644. Tamu ita ce ta takwas a dangin, bayan 3, 7, 31, 127, 8,191, 131,071 da 524,287. Sharaɗin farko na shiga dangin shi ne p kansa ya zama firam, amma wannan bai wadatar ba, kamar yadda 2,047 ta nuna, kuma a nan ne manyan masana suka sha tuntuɓe. Pietro Cataldi na Italiya ya tabbatar a 1588 cewa 17 da 19 suna ba da firam, sannan ya yi zaton cewa 23, 29, 31 da 37 su ma haka ne, alhali 31 kaɗai ya dace: 2^23 − 1 shi ne 47 × 178,481, 2^29 − 1 shi ne 233 × 1,103 × 2,089, 2^37 − 1 kuma 223 na raba shi. Mersenne da kansa ya saka 67 da 257 a jerinsa bisa kuskure, ya kuma tsallake 61, 89 da 107. Wannan tarihi ne ya sa nake jaddada cewa cewar Cataldi da Mersenne a kan 31 zato ne da ya faɗa daidai, sanin gaskiya kuwa sai a 1772 aka same shi. Dangin ƙalilan ne ƙwarai: a watan Oktoba na 2024 aka gano na 52, wato 2^136,279,841 − 1, mai alƙaluma 41,024,320, kuma har yau babu wanda ya tabbatar ko suna da iyaka ko ba su da ita.

Tana kuma cikin wani rukuni da ya fi wannan ƙanƙanta. Shi 31 ɗin da ke samanta firam ne na Mersenne, tunda 2^5 − 1 ne, don haka ita Mersenne ce riɓi biyu. Irin waɗannan guda huɗu kawai aka sani, su ne 7, 127, tamu, da 2^127 − 1, wadda Lucas ya tabbatar da hannu a 1876.

Akwai wani tsohon rabe-rabe da ya zo daga Girkawa, wanda malaman lissafi na ƙasashen Musulmi irin su Sabit bin Ƙurra na Bagadaza suka yi aiki a kansa: ana tara duk masu raba lamba ban da ita kanta, idan jimlar ta gaza lambar sai a ce tauyayya ce, idan ta wuce a ce mai rara ce, idan ta yi daidai a ce kammalalliya ce, kamar 6 da take 1 + 2 + 3, ko 28 da take 1 + 2 + 4 + 7 + 14. A wannan ma'auni lambarmu tauyayya ce matuƙa, kamar kowace firam, domin jimlar 1 ce kawai. Amma duk da haka ita ce uwar wata kammalalliya. Euclid ya nuna cewa duk lokacin da 2^p − 1 ta zama firam, idan aka ninka ta da 2^(p − 1) za a sami kammalalliyar lamba, Euler kuma ya nuna cewa babu wata kammalalliya cika da ba ta wannan hanya ta fito ba. Idan ka koma ga asusunmu, ka ninka abin da ya taru da zubin ranar ƙarshe, wato 2,147,483,647 × 1,073,741,824, za ka sami 2,305,843,008,139,952,128, kammalalliyar lamba ta takwas. Ka gwada da rana ta uku ka gani: 7 × 4 yana ba da 28.

Wata siffa da ba a cika ambata ba, kuma ina ganin za ta yi daɗin koyarwa, ita ce ta murabba'i, wato lamba sau kanta. Kowane murabba'i idan aka raba shi da 8 yana barin saura 0 ko 1 ko 4, kuma duk yadda ka haɗa uku daga cikin waɗannan ba za ka sami saura 7 ba. Lambarmu kuwa ninkin 8 ce da aka ɗebe wa ɗaya, saurarta 7 ce. Saboda haka ba za a taɓa rubuta ta a matsayin jimlar murabba'i biyu ko uku ba, sai huɗu, kuma Joseph-Louis Lagrange ya tabbatar a 1770 cewa huɗu suna isar kowace lamba. Hujja ce ta layi uku a kan lamba mai alƙaluma goma, ba tare da an yi rabawa mai tsawo ko ɗaya ba.

Akwai kuskuren da nake yawan ji wanda ya kamata in gyara, shi ne cewa wai an zaɓi wannan lamba ta zama iyakar kwamfuta ne saboda firam ce. Ba haka ba ne. Kasancewarta iyaka ya fito ne daga shawarar injiniyoyi ta yin amfani da gurbi 32, kasancewarta firam kuma gaskiya ce ta lissafi da ta riga kwamfuta, kuma haɗuwar biyun dace ne kawai. Shaida ita ce 'yan uwanta a sauran ma'ajiyoyi ba firam ba ne. Iyakar gurbi 16 ita ce 32,767, wato 7 × 31 × 151. Iyakar gurbi 64 ita ce 2^63 − 1, kuma 7 na raba ta. Idan aka yi amfani da duka gurbi 32 ba tare da ware na alama ba, iyakar ita ce 4,294,967,295, wato 3 × 5 × 17 × 257 × 65,537. Sai dai masu rubuta manhaja sun ci moriyar wannan dace. Wata sananniyar hanya ta samar da lambobi masu kama da na ƙuri'a, wadda Stephen Park da Keith Miller suka ba da shawarar a riƙa amfani da ita a 1988, tana ninka lamba da 16,807, ta raba da 2,147,483,647, ta riƙe saura. Idan aka fara da 1 za a sami 16,807, sai 282,475,249, sai 1,622,650,073, kuma jerin zai ziyarci kowace lamba daga 1 zuwa 2,147,483,646 sau ɗaya kafin ya koma farko. Da lambar ba firam ba ce, da wannan cikakken zagaye bai yiwu ba.

Iyakar kuma tana cizo a wasu wurare ban da lambar waya. Tsofaffin na'urori da yawa suna ƙirga lokaci da daƙiƙa tun daga farkon 1 ga Janairu 1970, kuma daƙiƙa 2,147,483,647 shekara 68 ce da 'yan kwanaki. Ƙidayar za ta cika ranar 19 ga Janairu 2038, da ƙarfe 4:14 da daƙiƙa 7 na asuba agogon Najeriya da Nijar, kuma na'urar da ba a gyara ba tana iya ɗaukar daƙiƙar da ke biye a matsayin watan Disamba na 1901. Haka nan manhajar da ke ajiye kuɗi da kwabo a irin wannan ma'aji za ta cika a naira 21,474,836 da kwabo 47, adadin da kuɗin makarantar ɗalibai na zango guda ke iya wucewa, don haka yana da kyau a duba wannan ɓangaren na manhajarku ma.

Game da rajistar iyayen, ina baƙin cikin gaya maka cewa idan 2147483647 ce aka ajiye a ma'ajin kansa, to ainihin lambobin sun ɓata, babu lissafin da zai dawo da su, domin dukkansu wuri ɗaya suka faɗa. Sai an koma ga takardun da iyaye suka cike ko wani tsohon kwafi. Kafin a sake shigarwa, a roƙi wanda ya rubuta manhajar ya mayar da gurbin lambar waya na rubutu maimakon na adadi, tunda ba a tara lambar waya ba a kuma ninka ta, sannan ta haka ne sifirin farko ma zai tsira.